Na Taka Har Wunti

Maman Eunice,

Kina barci, ban tashe ki ba. Na gano takalman motsa jikina da kika ɓoye bayan buhun masara. Ki yi haƙuri, na saka su. A hankali na taka har Wunti na dawo, yadda likita ya ce. Agarata ba ta yi ciwo ba, karon farko tun da maganin taifot ɗin nan ya taɓa ta ya kwantar da ni.

Ragowar ƙwayoyin suna kan firij. Maman Lucky ta roƙa jiya, wai maigidanta na zazzaɓi. Kin san ban iya cewa a'a ba. Na ce ta dawo yau. Don Allah ke ki hana ta, su je asibiti.

Na wuce makaranta, kuma da ƙafata zan je.

Elisha