Asalin gidan Ɗangoggo

Asabar, 4 ga Rajab

Alhaji Abdoulaye mai hatsi ya aiko ƙanensa. Ɗansa na neman Munira 'yar Amani, suna son in faɗa musu asalin gidan, yadda kowa a Dakoro ke zuwa wurina kafin a kai goro. Na ce su dawo Jumma'a. Amsar kuwa tana bakina: kakanta Ɗangoggo kuturu ne. Ni na shaida haka gaban mai gari shekarar babban fari, aka ware masa ƙwarya da bukka a bayan gari. Abdoulaye ba zai haɗa jini da kuturta ba.

Lahadi, 5 ga Rajab

Amani ya zo, ko tabarma bai hau ba. Ya naɗe hannun riga. Gwiwar hannu duk ɓawo fari-fari yana zuba kamar dusa, irin na ubansa sak. Wai lokotoro, likitan asibiti a Maradi, ya ce ba kuturta ba ce. Sunan ciwon na nasara ne, ajamina ya kasa ɗaukarsa. Wai fatar kowa tana fitar da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, su masu ciwon nasu ya yi yawa, har yana zuga jiki ya yi faɗa da kansa. Shi ya sa duk tsagewar fatar da wuya ta yi ruwa. Ba a ɗauka a ƙwarya ko a musabaha, amma yakan bi jini.

Na ce karen garke ke nan, ya rasa kura ya koma cizon tumaki. Ya ce haka. Na ce lokotoronka bai ga ubanka ba, ni na gan shi.

"To Baba, ka tuna da kyau."

Ya tafi bai sha ruwa ba.

Litinin, 6 ga Rajab

Ban yi lakwal ba, boko ya wuce ni, amma ban taɓa lashe maganata ba.

Laraba, 8 ga Rajab

Matata Uwale ta ce kwana biyu ina gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa gishiri. Maganar yin ruwan nan ce ta tsaya mini. Shekara ashirin da biyu Ɗangoggo ya yi a bukkar nan, yana jan guga, yana kwasar taki da hannu tsattsage. Mugunya ko ɗigo ban taɓa gani ba. Kuma in ƙaya ta soke shi har tsalle yake yi. Kuturu yana jin ƙaya?

Amma in na janye wannan, gobe wa zai yarda da ni kan iyakar gona ko wanda ya haƙa rijiya? Na faɗa wa Uwale. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, yarinyar ba iyakar gona ba ce."

Alhamis, 9 ga Rajab

Munira ta durƙusa ta gaishe ni a hanya. Ta sani. Na amsa ina kallon takalmina.

Jumma'a, 10 ga Rajab

Sun zo bayan masallaci, har da Abdoulaye da kansa. Na jero musu gidan tun tasowarsu daga Birnin Lalle, kaka bakwai, ban yi tuntuɓe ba. Da na kai kan Ɗangoggo sai Abdoulaye ya tare ni, wai kuturun nan?

"Ni na yi masa wankan gawa," na ce. "Yatsunsa ashirin cif, hannu da ƙafa. Ciwon fata ne, yana bin gidan, Amani ma yana da shi, ku sani. Kuturtar kuwa bakina ne ya sa masa."

Abdoulaye ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce wa ƙanensa su shirya, Lahadi za su gidan Amani kai goro.

Ban ce musu na yi kuskure ba. Abin da na gani na faɗa. Sai dai yatsun nan tun ranar wankan na ƙirga su, shekara goma sha tara ke nan.