Littafi na Uku da Na Ƙirƙira Ya Raba Ni da Aminiyata

Assalamu alaikum Anti Hamdiyya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Wallahi cikin ɓacin rai nake rubuta wagga wasiƙa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan aminiyata ta shekara ashirin ba ta amsa gaisuwata, mata kuma na nuna ni da baki a wurin ɗiban ruwa, wai ga maƙaryaciya nan. Ni! Ni da na ƙarar da maƙogwarona a kansu.

Ni matar aure ce a Morai, ƙasar Talata Mafara, 'ya'yana biyar. Na yi boko har aji uku na sakandare kafin in yi aure, kuma cikin sa'o'ina na unguwarmu ni kaɗai ke karanta Hausar boko ba gargada. To kin san bazara a wurinmu. An kwashe amfanin rani, ruwa bai sauka ba, ɗaki ba ya shiguwa don zafi. Tsakanin azahar da la'asar sai mata su taru a gidanmu ƙarƙashin dogonyaro, kowa da ƙwaryar gyaɗarta ta iri tana ɓara, ni kuwa in buɗe littafin soyayya in karanta musu. Shekara takwas muna haka. Suna dariya, suna kuka, suna tsine wa mugu, ni ko ƙwayar gyaɗa ban taɓa cewa a ba ni ba.

Maigidana Sambo ke sayo mini littattafan ranar kasuwar Mafara, wurin wani Ɗantani mai baza su kusa da tasha. Wanga bawan Allah kuwa, Allah Ya shirye shi, kullum na ɗaya da na biyu ke gare shi. In an tambayi na uku sai ya ce mako mai zuwa. Makon nan har yau bai zo ba. Su kuma marubutan sun san inda suke yanke labari, daidai inda yarinya ta faɗi sumammiya ko saurayi ya ɗaga hannu zai buga ƙofa, sai a ce mu haɗu a littafi na uku. Matan nan sunka hana ni sakat. Wata tsohuwa har cewa ta yi tana tsoron ta mutu ba ta ji yadda anka ƙare ba.

Rannan na gaji da naci. Na ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, na naɗe shi da takardar buhun siminti, na ce musu na uku ya samu. Na buɗe ina juya shafi, labarin yana fitowa daga kaina. Anti, sun yi kuka har da majina. Tsohuwar nan ta sa mini albarka ta fi a ƙirga. Tun daga ranar, littafi tara na ƙarasa musu ta haka, kuma babu wadda ta taɓa cewa bai yi daɗi ba. Ki gaya mini, wa na cuta?

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Aminiyar tawa sunanta Taibatu, 'yar Dakko ce ta ƙasar Bakura. Wata ɗaya anka kawo mu garin nan muna amare, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na yi jinyarta da ta yi ɓari. Mijinta Barau ya tafi cin rani kudu ya share shekara uku, ba aike, ba waya. Bazara uku da sunka wuce ta ce ta gaji, za ta wurin alƙali a raba auren, wanta Manu ya ce zai zo ya raka ta, daga nan ta koma Dakko. Ana cikin haka sai ga labari wai Barau na hanya. A daidai lokacin muna kan wani littafi, ba zan faɗi sunansa ba, labarin wata Kausar wadda ita ma mijinta ya tafi ya bar ta. Na biyu ya ƙare tana tsaye bakin kotu. Na uku kuwa, kin riga kin sani, babu.

Sai na ɗauko mai bangon siminti. A nawa labarin Kausar ta juya daga bakin kotu ta koma ɗakinta, mijin ya dawo ya durƙusa gaban iyayenta yana hawaye, ya zama mijin da kowace mace ke roƙo. Kwana huɗu ina karanta shi ina satar kallon Taibatu. Ba zan ɓoye miki ba, na san abin da nake yi. Na duba yaranta uku, na duba wahalar zawarci, sannan ni in ta koma Dakko da wa zan riƙa hira ta kan katanga? A rana ta biyar ta aika wa Manu cewa ta fasa.

Barau ya dawo, bai durƙusa wa kowa ba. Ya yi shekara biyu da 'yan watanni, an ƙara haihuwa, bayan kakar da ta wuce ya sake saɓa jakarsa. Yau wata bakwai shiru. Amma ni na aike shi? Ni na ce ya zama marar mutunci?

Sai ga Amira, ƙanwar maigidana da ke aure a Gusau, ta zo gida wankan jego da ƙatuwar wayarta. Rannan ta zauna cikinmu tana wani yatsine-yatsine. Wata ta kawo zancen Kausar, tana cewa ai haƙuri ya yi mata rana. Amira ta kwashe da dariya, wai ita ta saurari littafin nan a waya daga farko har ƙarshe, Kausar ta shiga kotu an raba auren, ta koyi ɗinki, ta auri wani. Na ƙifta mata ido, ko a jikinta. Ta kunna wayar gaban mata bakwai sunka ji da kunnensu. Bai ishe ta ba, sai da ta fizge littafin nan mai bangon siminti daga cinyata, ta kware takardar, ta ɗaga shi sama tana shelar wai ashe ma na biyun wani labari ne dabam. Yarinyar da na yi wa kitso, na goya ta zuwa asibiti tana ƙyanda! Tir da wanga hali.

Taibatu ta tashi. Ta bar ƙwaryarta a nan. Washegari na tarar da tukunyata da rariyata da ke wurinta tun bara an ɗora mini bisa katanga. Ta kuma gaya wa Zainab maƙwabciyarmu wai na zauna ina kallon tsabar idonta na sace mata shekara uku.

Anti, ina jin haushin kowa. Ina jin haushin Amira. Ina jin haushin matan da sunka sha kuka a tabarmata, yau kowace na cewa dama ita ta daɗe da zargi. Ina jin haushin Ɗantani da makonsa mai zuwa. Amma wanda ya fi ci mini rai na Taibatu ne. Haba! Yarinya ce ita? Wa ke yanke hukuncin aurensa da littafin hira? Sannan shi na ukun na gaskiya da ake ta kururutawa, ba wani ne ya zauna a birni ya ƙago shi daga kansa ba? Don nasa ya shiga inji shi ke nan ya zama gaskiya, nawa ya zama ƙarya?

Maigidana ya ce in rabu da su, zancen mata ne zai wuce. Ba zai wuce ba. Na ji an ce Manu zai zo ranar kasuwa ta sama. In je in wanke Amira tas kafin ta koma Gusau? In shiga wurin Taibatu, ko in bar ta da fushinta tunda ni ma ina da zuciya? Wai ni zan ba da haƙuri don na so ta da alheri?

Taki cikin ɓacin rai,
Mai Karatun Gindin Dogonyaro, Morai.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sha ruwa tukuna, ki zauna, don maganata tana da ɗaci a tsakiya.

Zan fara da inda kike da gaskiya. Shekara takwas kina faranta wa mata rai ba ki nemi komai ba, wannan alheri ne, kuma macen da za ta riƙe mutane kwana huɗu da labarin da ke fitowa daga kanta Allah Ya yi mata baiwa. Amira ta yi rashin ladabi. Ko da ta gano abin, ke matar wanta ce, ɗaki ya kamata ta ja ki. Haka nan laifin Barau nasa ne shi kaɗai, ba ke kika ɗaura masa jaka ba. Ita ma Taibatu babba ce, ina kyautata zaton tunanin 'ya'yanta ya yi nauyi a wancan hukunci fiye da yadda take tunawa a yanzu.

To amma kin yi tambaya, me ya raba ƙirƙirarki da ta marubucin birni? Shi bai san Taibatu ba. Ke kin san ta, kin san ranar da wanta zai zo, kika auna labarin daidai ciwonta, sannan kika miƙa mata shi da sunan maganar wani baƙo da ba ruwansa da zamanta ko tafiyarta. Da kin ce mata, a matsayin aminiya, ina ganin ki ƙara haƙuri, da ta yi gardama da ke, da ta tambaye ki dalili, wataƙila ma ta ce ai don kada ki rasa abokiyar hira ne. Wannan damar kika hana ta. Kuma da hannunki kika rubuta cewa kin san abin da kike yi, har kika ambaci hirar kan katanga. Sauran littattafan takwas wasa ne da ya wuce gona da iri. Wannan guda ɗaya cin amana ne, ko da ƙauna ce ta jawo shi. Ina jin rabin fushin nan naki kunya ce, don ta fi fushi wuyar haɗiya.

Ki bar Amira. In kika tare ta da faɗa, unguwa za ta samu sabon abin kallo, ainihin maganar kuma ta ɓace. Ki gaya wa maigidanki ya ja mata kunne a matsayinsa na wa, ya wadatar.

Wurin Taibatu kuwa, ki je kafin Manu ya zo, ke kaɗai, ba ɗan rakiya ba ɗan aike. Kada ki ambaci Amira, kada ki ce don alherinta kika yi. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, har da wanda ya fi nauyi, cewa kin ji tsoron ta tafi ta bar ki. Ki nemi gafararta, sannan ki yi shiru ki saurari duk abin da za ta faɗa, ko da zai ƙona ki. In ba ta amsa ba, ki tashi da sallama, kada ki tsaya jiran sai ta ce ta yafe. Ita ta yi shekara uku a cikin abin, ba dole ba ne ta huce a yini ɗaya.

Batun aurenta, ki cire bakinki sai in ta tambaye ki. Macen da miji ya tafi ya bari ba ci ba labari tana da haƙƙin kai kukanta gaban alƙali, kuma ita da danginta ne za su auna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su kuma matan dogonyaro, ki tara su sau ɗaya ki ce e, ni na ƙarasa littattafan nan, na yi kuskure da ban faɗa ba. Za ki ga maganar ta mutu, don gulma ba ta daɗi in mai ita ta riga kowa faɗa. Daga yau kada Malam Sambo ya sayo littafi sai cikakke. In kuma labari ya zo miki, ki sayi littafin rubutu ki zuba shi, ki ce musu wannan nawa ne. Na tabbata tabarmarki za ta sake cika.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuya. Mai yiwuwa Taibatu ta yafe miki kuma duk da haka ta tafi. In Manu ya zo ta ce Dakko za ta, kada ki yi mata kuka a ƙofa, kada ki kawo mata misalin kowa. Ki shiga ɗakin ki taya ta ɗaure kaya, ki riƙe mata jaririn har ta hau mota. A wancan karon kin riƙe ta don kanki, a wannan karon ki sake ta don kanta.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba Taibatu mafita mafi alheri, ke kuma Ya ba ki ƙarfin taka wannan ƙofa.

Taku,
Anti Hamdiyya.