Faɗin Ƙofar Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Yau wata huɗu rabon Baba da ganin rana, tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Keken guragun da aka sayo ba ya bi ta matsattsen lungun nan namu. Na kira magini ya fasa bangon ɗakinsa, ya sa ƙofar da za ta fita kai tsaye gindin lemon da marigayiya Mama ta dasa. Yaushe za ka zo? Kullum sai ya tambaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Ina gaida ku, musamman Baba. Ke dai ba kya rabo da rigima! Bangon da Mama take auna tsayinmu da fensir za ki rushe? Bari sai na zo ƙarshen shekara, aiki ya sha mini kai.

Yayanki

Yaya,

Barka da aiki. Aikin gama ya gama, an fasa. Magini ya yanko wurin zanen, na ajiye maka, tunda bangon ka fi kewa. Yi haƙuri, raina ne a ɓace.

Da magini ya auna faɗin keken, sai Baba ya ce a ƙara kamu guda. Na ce, “Baba, mota za mu shigar?” Bai yi dariya ba. Ya dubi magini ya ce, “Ranar da uwarsu ta rasu, sai da aka karkata gawarta kafin ta fita lungun can. Ni a miƙe zan fita, mutum biyu gaba, biyu baya, ɗana a gaba ta dama. Auna da kafaɗunsu.” Magini ya sunkuyar da kai, ya sake awo.

Yanzu kullum da hantsi yana gindin lemon, iska na shiga har gadonsa. Amma hanya yake kallo. Wallahi tsoro nake ji, Yaya.

Allah ya sada mu da alheri.
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Na kasa cin abinci tun da na karanta takardarki. Na nemi hutu, sun ce sai wata mai kamawa. Ki ce masa ina tafe.

Yayanki

Yaya,

Sallama, da fatan Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙofar ta isa. Jiya da hantsi aka fita da Baba ta cikinta, a miƙe, ko kafaɗa ɗaya ba ta gogi bango ba. Gaba ta dama, magini ne ya riƙe.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta