Frauke da Akwatunan Farfesa Stallbohm

Yaya Almut,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki baki ɗaya. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Allah kuma ya ƙara wa mijinki Hernán sauƙin ciwon bayan nan nasa. Ku a Chile yanzu kuke shiga sanyi, mu kuwa an ce mana mun fita daga cikinsa, ko da yake ban ga alama ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar matata Hilke da ke sanar da mu za a yi ruwa tun kafin masu hasashen yanayi su farka, kuma ba ta taɓa kuskure ba, tunda a garin nan kullum ruwan ake yi. Shagon littattafaina yana nan yadda kika san shi. Mutane su shigo su fake wa ruwa, su shafa bangon littafi cikin girmamawa, su fita.

Na zaɓi in rubuto da hannu ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Na ga saƙon da kika aiko wa 'yarki Frauke, cewa tunda ta faɗi jarrabawa karo na uku, ta tattara kayanta ta dawo gida, wai dama wasa ta zo yi a Jamus. Yaya, raina ya ɓaci. Yarinyar nan a gidana take, ni nake ganin idanunta kowace safiya. Kin san dokar ba ta canja ba tun zamaninmu: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, an raba shi da fannin ke nan, ba a jami'arsa kaɗai ba, a ƙasar duka. Wannan takobin ne ke rataye a kanta tun kaka, don haka ki ji yadda aka yi kafin ki yanke hukunci.

Darasin da ya tsaya mata a wuya shi ne na tsara da'irorin cikin kwamfuta, wato hanyoyin da wutar lantarki ke bi. Ni da na ƙare rayuwata cikin tarihin matattun sarakuna, sai da ta zaunar da ni a kicin ta koya mini da kwalbar gishiri da cokula. Abin duka a kan e da a'a yake: wuta ta wuce ko kada ta wuce. Akwai ƙananan ƙofofi da ake haɗawa. Wata ba ta buɗewa sai wuta ta zo mata ta wayoyi biyu tare, wata ko ɗaya ta ishe ta, wata kuma duk abin da ka ce mata sai ta faɗi akasinsa. Na ce wa Frauke wannan ta ƙarshen na san ta, gida ɗaya muka tashi da ita.

Mai darasin shi ne Farfesa Stallbohm. Ban ce mutumin jahili ba ne, a'a, an ce a fanninsa ba shi da na biyu, kuma shi ma ya ji an ce. Yana shiga aji da tsohuwar majigi da ledojin haskawa a allo da ya rubuta da hannu tun kafin a rushe katangar Berlin, ya juya wa ɗalibai baya, ya yi ta hira da allo har lokaci ya cika. In wani ya ɗaga hannu, sai ya ce wannan ai a bayyane yake, ya wuce. Ɗalibai suna ce masa Malam A-Bayyane. Karon farko Frauke ta faɗi don tana fama da Jamusancin makaranta, wanda ba irin na kicin ɗinki ba ne. Karo na biyu shi yana hutun bincike, wata malama ce ta riƙe darasin, kuma Frauke da bakinta ta ce ba ta shirya ba. A karo na uku sai ta yi abin da rabin ajin ke yi: ta je lacca don a ga fuskarta, ta dawo gida ta koyi darasin daga bidiyoyin malaman Amurka. Ta kuma koya da gaske. Har fitilun danja ta haɗa mana a teburin cin abinci, ja da ruwan ɗorawa da kore, Hilke ba ta kawo dankali sai kore ta kama.

To ga inda aka yanka ta. Amurkawa suna zana ƙofofin nan da siffa mai lanƙwasa, wata kamar rabin ƙwai, wata kamar ganye. Mu kuwa, da yake mu ne, muna da ƙa'idar ƙasa da ta ce a zana kowacce a matsayin akwati mai kusurwa huɗu, a sa alama a ciki. Babbar tambayar jarrabawar ita ce a tsara danjar mahaɗar titi. Frauke ta tsara, ba waya ɗaya da ta kauce. Amma da rabin ƙwai ta zana. Ya ba ta sifili a tambayar gaba ɗaya, sifilin kuma shi ya kayar da ita.

Ranar da ake barin ɗalibai su duba takardunsu na raka ta, na sa kwat ɗin da nake zuwa jana'iza da shi. Ba a bar ni na shiga ba, na zauna a baranda tare da wani abokin karatunta, Thies, dogon yaro ɗan manoma, wanda shi ma rabin ƙwai ya ci shi, sai dai nasa karon farko ne. Da ta fito fuskarta kamar takarda. Ta ce ta tambaye shi, ranka ya daɗe, ina kuskuren yake? Ya ce bai nemi kuskure ba, domin bai ga da'ira ba, zanen 'yan firamare ya gani. Ta ce amma yana aiki. Ya ce keken da ba shi da fitila ma yana tafiya, amma 'yan sanda suna kama shi. Ta ce ai manhajar da ke kwamfutocin ɗakin gwajinsa ma da lanƙwasa take zana su. Ya ce manhajar ba ta zauna jarrabawarsa ba. Wai ya faɗi maganar akwatin a laccar farko ta zango, wanda bai ji ba kuwa shi ya sani. Thies ya ce gaskiya ne ya faɗa, amma allo ya faɗa wa, kuma allon bai sanar da kowa ba.

Kada ki ce na ƙi gaskiya. Na san amfanin ƙa'ida. Injiniyan da ya zana a nan dole mai haɗawa a wani gari ya iya karantawa, na yarda. Ka rage mata maki, ka ja mata kunne, ka sa ta zana akwati har hannunta ya gaji. Amma ka kori mutum daga sana'ar da ya iya, har abada, saboda siffar zane? Na karanta labarin masarautu da yawa da suka rushe, kuma kusan a kowacce akwai wani ma'aikaci da ke auna faɗin hatimi yayin da gari ke cin wuta. Ban taɓa zaton zan zauna a barandarsa ba.

Na dawo gida na rubuta ƙorafi mai zafi, da misalai tun daga Rumawa. Hilke ta karanta ta ce yana da kyau, in ajiye, a karanta a jana'izata. Frauke kuwa ta ce, Kawu, don Allah ka rufa mini asiri, kai ka gama karatunka tun ana rubutu da gashin tsuntsu, ni kuwa saura mini ƙofa ɗaya. Ƙofar ita ce jarrabawar baka da doka ta ba wanda ya faɗi karo na uku, kuma mai yin ta shi ne Stallbohm ɗin dai. Na ce ta je ta zana masa rabin ƙwai a gabansa, ta tsaya a kan gaskiyarta. Ta ce in gaskiyar za ta ba ta takardar shaida, ta ji. Ta sayi rula. Tun daga ranar teburin kicin ya cika da akwatuna, har a bayan takardar burodi.

Ana cikin haka sabon zango ya fara, labari kuma ya riga ya zagaye. Kin tuna yadda muke yi in malami ya gama lacca, ba tafi, sai dai a ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu. Ko malamin da ya sa mu barci muna ƙwanƙwasa masa, don ladabi. To a laccarsa ta farko ɗakin ya cika har matakala, da tsofaffin ɗalibai da sababbi. Ya gama, ya kashe majigi, ya juyo. Ba wanda ya motsa yatsa. Thies ya ce mutumin ya tattara ledojinsa, ya daidaita su, ya sake daidaita su, yana jira. Ya tsaya har ana jin ruwa na zuba a taga. Sannan ya fita, ya bar alƙalaminsa a kan tebur. Na yi murna har na buɗe kwalbar giya. Frauke ta ce, Kawu, kana murna, ni ce zan shiga ofishinsa jibi.

Ta kuwa yi gaskiya. Tana zama, kafin tambayar farko, ya ce ko ita ce ta shirya wasan kwaikwayon shekaranjiya? Malami na biyu, wanda doka ta ce ya zauna a matsayin shaida, ya shiga nazarin takalmansa. Frauke ta ce ita dai ba ta shirya komai ba, amma gaskiya ba ta ƙwanƙwasa ba, domin yatsunta ciwo suke saboda rula. Ta ce ya dube ta har ta fara tunanin wace jaka za ta ɗauka zuwa Chile. Sai ya tura mata farar takarda ya ce ta tsara masa danjar mahaɗar titi. Ta fito da rularta ta zana masa wadda ta zana a jarrabawa, waya bayan waya, ba ta canja komai ba sai akwatuna. Ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ce wannan aiki ne mai tsabta, da haka ta yi tun farko da ba su ɓata wa juna lokaci ba. Ta ce, ranka ya daɗe, ai ita ce. Ya ce a'a, wannan ana iya karanta ta.

Ta ci, Yaya. Amma a jarrabawar baka sakamako iri ɗaya tak doka ta yarda a bayar, wato maki huɗu, mafi ƙasƙancin abin da ake kira ci. Haka zai zauna a takardar shaidarta, a darasin da ta fi kowa iyawa. Ita ta ce ba ta damu ba. Ni na damu, kuma ina da niyyar ci gaba da damuwa har tsufana, tunda wani abin yi ne.

Saboda haka kada ki nemi tikitin jirgi. Za ta kira ki ranar Lahadi bayan shan kofi, tana tsoron kiran nan fiye da yadda ta ji tsoron ofishinsa. Kada ki tambaye ta maki nawa, na riga na faɗa miki. Kada ki ce da ta saurari laccar farko, ta ji wannan daga wanda ya fi ki iya faɗa. Ki bari ta gama magana, na san da wuya, amma ki daure. In ta gama, ki kusantar da wayar kusa da teburin kicin ɗinki, ki ƙwanƙwasa mata da ƙarfi yadda za ta ji daga nan.

Ki gaishe mini da Hernán, da ƙaramin ɗanki Joaquín, da surukarki Inna Rosalba in tana tuna ni, baƙon da ya ƙone mata tukunya. Hilke tana gaishe ku, ita da gwiwarta, wadda ta ce gobe ma ruwa.

Ƙaninki da bai huce ba,
Eckart