Ƙaurin Ba Daga Tukunyata Ba Ne

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni ma da sauƙi, sai dai gwiwar nan da ba ta bari in sauka bene fiye da sau ɗaya a yini. Ki yi haƙuri da rubutun, tsufa ne.

Na san yayanki ya gaya miki wai na fara ruɗewa. Sau biyu yana zuwa ya tarar da ƙauri a falo, ya ce na manta tukunya a kan wuta. Na rantse ban ɗora komai ba, ya yi mini kallon da ake yi wa ƙaramin yaro. Ya ɗauke tukunyar gas, ya ce ƙarshen wata zan koma gidansa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye. A ɗakunan nan na zauna da mahaifiyarki shekara arba'in da ɗaya. Har ni kaina na fara zargin kaina.

To, kin san aikina na maɗaba'a: ba a buga shafi sai na karanta shi har ƙananan rubutun ƙasa. Halin bai sake ni ba. Da yake babu mai zuwa hira, duk abin da ya shigo gidan nan da rubutu sai na karance shi. Ranar Talata da hantsi na ɗauko kwalin ƙwayayen fitilar da yayanki ya yi oda ta waya daga ƙasar waje ya saka mini, yana ta yabon arharsu. Na sa gilashin ƙara girman rubutu. Babu adireshin kamfani, babu tambarin masu duba inganci, can a gefe kuma an rubuta 110, wato ƙarfin wutar da ƙwan ke iya ɗauka. Na lallaba na duba mita, 220 ne a jiki.

Na aika aka kira mai gyaran wuta na ƙasan bene, na kuma kira yayanki. Da aka kashe wuta aka kwance ƙwan falo, mazauninsa ya narke, wayar ta yi baƙi ƙirin, katakon silin ya soma babbakewa. Mai gyaran ya ce da an ƙara kwana biyu, da labarin ya sha bamban.

Na juya wajen yayanki. Na miƙa masa kwalin da gilashin, na sa ya karanta da ƙarfi, sau biyu. Da ya gama ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Na yafe, amma da kansa ya hawo da tukunyar gas, yana haki.

Ya ce ke ma ya aiko miki da irin ƙwayayen guda shida. Ki cire su yau, kada ki jira gobe.

Maganar tashi ta mutu. Yanzu kuma maƙwabta sun ji labari. Jiya mutum huɗu suka hawo da kwalayensu in duba musu, har da tela da cajar wayarsa. Na ce masa ya zubar, ya zauna muka yi ta musu har la'asar. Idan za ki zo, ki taho da kujeru biyu, nawa sun yi kaɗan.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Mahaifinki