Ajiya a Cikin Baho

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata mai gudun miji. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Kunnen ne. Muryarki takan zo mini kamar daga cikin rijiya, in yi ta cewa na'am ban ji komai ba. Alƙalami bai taɓa yi mini haka ba, sai dai rawar hannu, ki yi haƙuri da rubutun.

Maganar ajiyar amarya ce. Kin tuna ranar da za ku tashi, ta hawo bene da 'ya'yan kunkurun ruwanta biyu a gwangwani, ta ce, "Tsoho, ajiya na ba ka. In na dawo hutu na tarar sun rame, sai ka ba ni takardata." Wata bakwai ke nan. Suna cikin bahon wankin marigayiya mahaifiyarki, na sa musu dutse a tsakiya. Wanda take kira Gaggawa yana nan da rigimarsa. Sannu kuwa sunansa ya bi shi.

Ban rage su da komai ba. Abin da na ci shi suke ci, burodi jiƙe da madara, tunda ni da su duk ba mai haƙori. Kowace safiya nakan shafa musu mai a ƙoƙon baya in goge da hankici, yadda na yi wa takalmina shekara talatin da biyar kafin in tafi ofis. Sai sheƙi suke. Ko iska ba ta taɓa su, don tun da aka yi mini aikin ido ban ɗaga labule ba.

To, shekaranjiya ina gogewa sai na ji bayan Sannu ya lotsa a ƙarƙashin babban yatsana, kamar kwalin da ya sha ruwa. Na ɗauka yatsan ne ke yi mini ƙarya, na sake taɓawa. Ki tambayar mini ita, haka yake tun da can? Kuma yaushe ne hutun?

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jiki, ya idon? Mu duk lafiya lau, sai aiki da ya sha kaina, a tsaye nake rubuta wannan.

Don Allah kada ka sa abin nan a ranka. Kunkuru ai dutse ne, ba abin da zai same shi. Ka dinga ɗiga maganin idonka kan lokaci, wannan shi ne damuwata. Maganar hutu ba mu tsayar ba tukuna. Amaryarka tana gaishe ka.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Na ga gaisuwar amarya, da rubutun hannunki. Na amsa.

Kunkuru ba dutse ba ne. Na je na ji da kunnena, duk da rashin kirkinsa.

Telan da ke da shago a ƙasan benenmu ya tsayar mini da mota, na kai su wajen likitar dabbobi. Yarinya ce, ba ta kai ki ba. Ta juya Sannu a tafin hannunta, ta shinshina shi, ta ɗaga murya don in ji.

Ta ce, "Baba, me kake ba su?"

Na faɗa mata.

"Wannan maiƙon fa?"

Na ce kwalliya ce. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan.

"Sau nawa suke shan rana?"

Na ce ba sa sha. Ta ajiye shi a hankali, ta ce ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, kuma ba ya yin ƙwari sai da hasken rana, ba wanda ya ratso gilashi ba. Burodi da madara ba abincinsu ba ne. Man kuma ya tara musu datti da danshi, shi ya sa gefen ƙoƙon ke wari. Ta ce in daina shafa komai, in ba su ƙananan kifi da ƙashinsu, da ganye, da garin ɓawon ƙwai, in dinga sauya ruwa, in bar dutsen a bushe don su hau. Game da Gaggawa ta ce akwai fata. Game da Sannu ta ce, "A dai gwada."

Kin ji ke nan. Ba cuta ce ta kama su ba, ni ne. Na zaunar da su a duhuna, na ciyar da su abincin marar haƙori, na goge su kamar takalmi, ina jiran a yaba mini.

Kin san tagar ɗakina bangon maƙwabta take kallo. Don haka kowace hantsi nakan zuba su a roba mai murfi, in sa baƙin tabarau, in sauka. Matakala talatin da ɗaya ce, a da ban taɓa sanin yawanta ba. Tela kan fito mini da kujera, ya ce, "Baba Akawu, an fito kiwo? Ka riƙe su da kyau, kada su tsere maka." Nakan zauna awa guda, in kare musu gefe ɗaya da kwali don su sami inuwa in sun so. Gaggawa kan miƙe wuya da ƙafafu kamar mai gidan kansa. Sannu bai taɓa fito da kai ba.

Ranar Talata ya mutu. Kwana tara ya sha rana. Na binne shi a tukunyar furen mahaifiyarki, da cokali.

Tela ya ce, "Baba, kunkuru duk kunkuru ne. A samo wani mai kama da shi, yarinya ba za ta gane ba." Na ce masa za ta gane, akwai ɗigon rawaya a bayan idonsa na hagu, ita ta nuna mini. Ko ba za ta gane ba ma, ajiya aka ba ni.

Roƙona ɗaya, kada ki faɗa mata. Ki bari in ta zo in faɗa da bakina, ta yi mini hukuncin da ta ga dama. Ɗayan zan riƙe shi da rai, in Allah ya yarda. Ki dai rubuto mini ranar, ko da ta yi nisa.

Allah ya tsare ku.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka tun kafin ka karanta.

Tela ya kira ni. Ya ce ranar Asabar ya same ka zaune a tsakiyar matakala, ka rungume roba, ka kasa hawa ka kasa sauka, kuma wannan ne karo na biyu. Me ya sa ba ka rubuta wannan ba? Ka cika shafi uku da kunkuru.

Na saɓa maka, na faɗa mata, don ina so ka daina azabtar da kanka. Ta ce, "Wane Sannu?" Sai da na tuna mata. Ta ce, "Ayya," ta tambaya ko za ta iya zuwa gidan ƙawarta. Ba mugunta ba ce, Baba, shekararta tara, tana da sabuwar makaranta da sababbin ƙawaye.

Sauran kuma laifina ne. Ba ita ta yi tunanin bar maka su ba. Ni na ce ta kai maka, ni na koya mata abin da za ta faɗa, har da maganar takardar. Na ga tun rasuwar Mama ba ka tashi sai azahar, na ce ko za ka sami abin da zai tashe ka. Ban san zai kai ka ga haka ba.

Hutun nan ba za mu samu zuwa ba, ba a ba maigidana izini ba. Wataƙila na gaba. Ka ba da wanda ya rage, don Allah. Babu wanda zai tambaye ka shi.

Ka yafe mini.
'Yarka.

*

'Yata,

Na gaishe ki. Babu abin yafewa. Dabararki ta yi aiki, wata tara ina tashi.

Na yi yadda kika ce. Jiya tela ya hawo ya ɗauki bahon da dutsen, da Gaggawa a ciki. Na rubuta masa komai a takarda ya manna a jikin keken ɗinkinsa: rana, kifi, ɓawon ƙwai, ban da mai. Kafin ya sauka na danna bayan Gaggawa da yatsa. Gefen ya yi ƙwari, tsakiyar ce da saura.

Likitar ta ce irinsu sukan yi shekara talatin. In wata rana amarya ta tuna, ta tambayi tela. Na gaya masa ba kyauta ba ce, ajiya ce.

Matakala kuma ki kwantar da hankalinki, ba ni da abin da zai saukar da ni. Tabarau ma na mayar da shi cikin akwati.

Ki gaishe ta, ko ba ta tambaya ba.
Mahaifinki.