Damin Irin Baba Ɗanladi

Jibiya,
10 ga Fabrairu, 2002

Zuwa ga Yaya Rabi'a,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da su Abdu. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, Yaya, an sa gasar makarantu, kowane aji ya fito da aikin da zai nuna wa baƙi. Kin san hedimastanmu, Malam Lawwali, wanda gemunshi ya tsiro ranar da aka ƙaddamar da shari'a, wando ya ɗage, amma babur ɗinshi bai manta hanyar tsallaken iyaka ba duk ran Asabar. Shi dabararshi wai yara su yanka kwali su yi shingen kwastan. Shingen da suke gani kullum! Wallahi kan nan nashi amfaninshi ɗaya, ɗaukar hula.

Ni kuwa na yi ta juya abin a raina, har ran Lahadi a kasuwa na ga mutanen Maraɗi da damman gero masu doguwar zangarniya. Nan dabara ta faɗo mani: kowane yaro ya kawo irin geron gidansu, ya tambayo tsofaffi sunanshi da ƙasar da yake so.

Wata yarinya Sarai, 'yar ƙauyen Gangara, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina, ta ce kakanta Baba Ɗanladi na da wani iri da babu shi ko'ina. Shi ke riƙon ta tun rasuwar ubanta, kuma har yau addinin kakanninshi yake yi. Na je da kaina. A al'adarsu damin iri ba ya barin rumbu sai ruwan shuka ya sauka, ɗaure yake da jan ƙyalle da gashin kaza. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya sauko da shi saboda jikarshi. Na yi mashi alkawari ko ƙwaya ba za ta faɗi ba. Ki taya ni addu'a, don dama da ƙyar ya bar ta ta shiga boko.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Salmatu

Jibiya,
3 ga Maris, 2002

Yaya Rabi'a,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni dai lafiyar jiki kawai ke akwai, raina a ɓace yake.

An yi gasar. Yara sun jera gero a kan tabarmi, kowa ya haddace abin da zai faɗa. Mutumin naki hedimasta, da bai taɓa leƙa aikin ba, yana ganin manyan baƙi daga Katsina sai ya gyara hula ya shige gaba. Idonshi ya faɗa kan jan ƙyallen nan. Yaya, ko tambaya bai yi ba! Ya ɗaga damin sama, ya ce ai wannan shi ne ainihin darasin, shi ya tsara don yara su ga tsafi da idonsu su guje shi. Kafin in ratso mutane ya ƙyasta ashana. Busasshen gero kuwa, kin san ba ya jira. Aka ɗauki kabbara, shi yana ta shafa gemu. Mutumin da ko gero da maiwa bai iya bambantawa!

Sarai ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tana tona tokar da hannu, ko za ta samu zangarniya ɗaya.

Mun zo na ɗaya. Aka ba hedimasta agogon bango, ya amsa da hannu biyu yana washe baki. Da na same shi a ofis, wai in kwantar da hankalina, zai aika wa arnen da tiya biyu ta geron kasuwa. Na dube shi sama da ƙasa na fito, don in na buɗe baki aikina ya ƙare.

Jiya na koma Gangara. Tsohon bai zage ni ba, Yaya, da ma ya zage ni ɗin. Ya sa aka kawo mani ruwa, ya ce irin nan daga hannun kakanshi ya fito. Sannan ya miƙo mani rigar makarantar Sarai, a wanke, a ninke, ya ce in ba wani yaron.

Agogon na nan rataye a ofis, mutumin naki na goge shi kowace safiya da bakin rigarshi. Rigar Sarai kuma tana cikin akwatina, na kasa ba kowa.

Ki gaishe da yara.

Taki,
Salmatu